Ƙwayar inabi da tazarar haihuwa: wa ya kamata ya kawo hujja?

Idan mace ta je asibitin ƙauye karɓar allurar tazarar haihuwa, ko a sa mata ashana a damtse, malamar asibiti za ta auna jininta, ta tambaye ta yaushe rabonta da al'ada, haihuwarta nawa, ko tana shayarwa. Tambayar da ba kasafai ake kaiwa gare ta ba ita ce: "Ban da wannan, me kike sha a gida?" In ma an yi, amsar ɗaya ce: "Ba na shan komai, Malama." Kuma ba ƙarya ta yi ba. A wurinta magani shi ne abin da likita ya rubuta, ko mai kemis ya ƙirgo a leda. Tsumin da ke cikin jarka, da garin da take barbaɗawa a kunu, da ƙwayar nan mai kyan kwalba da 'yar yayarta ta kawo mata daga Kano, duk ba sa cikin lissafi. Su kayan gyara ne.

Kwalaben nan kuwa sun yi yawa. Da can sai an shiga birni ake ganinsu. Yanzu waya ta kawo su har tsakar gida, daga WhatsApp da TikTok zuwa jakar mai tallan kayan mata da ke bin gidajen suna da biki, zuwa teburin mai lasifika a kasuwar Wudil ko Gujungu. Akwai kuma matan da suka shiga kasuwancin nan na kawo mutum biyu a ba ki kaso, waɗanda dole sai sun sayar kafin kuɗinsu ya fito. Cikin kayan da ake yayi har da wani sinadari mai suna resberatirol, wanda a jikin kwalba ake rubuta shi Resveratrol, sau da yawa da hoton inabi a gefe. Ana cewa yana gyara fata, yana hana tsufa, yana wanke jini, yana daidaita al'ada. Duk abin da ke damun mace dai, an ce yana yi.

Ra'ayina a kansa gajere ne. Macen da ke kan tazarar haihuwa ba ta da dalilin shan sa, kuma ba ita ya kamata ta nemo hujjar cewa yana cutarwa ba. Mai sayarwa ne ya kamata ya kawo hujjar cewa ba ya yi. Amma ba zan kare wannan ra'ayi da tsoratarwa ba, domin masu tsoratar da mata a kan tazarar haihuwa sun riga sun yi ɓarna isasshiya a yankinmu.

Shi resberatirol tsirrai ne ke yin sa don kare kansu daga cuta. Yana cikin ɓawon inabi, yana kuma cikin gyaɗarmu ta gida. Wani masani ɗan Japan, Michio Takaoka, shi ya fara ware shi daga wani tsiro wajen 1940, aka yi shekaru hamsin ba wanda ya damu da shi. Sunansa ya tashi ne a farkon shekarun 1990, lokacin da Turawa ke neman dalilin da ya sa mutanen Faransa ke cin maiƙo amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, wasu suka ce jar giyar inabi ce sirrin. A 2003 David Sinclair na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa sinadarin ya tsawaita rayuwar ƙwayoyin yis. A 2006 aka ga ya taimaki ɓerayen da aka ɗura wa abinci mai maiƙo. Nan fa kasuwa ta buɗe. A 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi ƙaramin kamfanin Sirtris, mai wannan bincike, a kan dala miliyan 720.

Ƙarshen labarin ne masu talla ba sa kawowa. A 2010 aka dakatar da gwajin maganin resberatirol na kamfanin a kan masu wata cutar daji ta ɓargo, bayan wasunsu sun samu matsalar ƙoda. A 2013 aka rufe ofishin Sirtris ɗin. A 2012 Jami'ar Connecticut ta sanar cewa ɗaya daga cikin malamanta, wanda ya yi suna a binciken amfanin sinadarin ga zuciya, ya shirya ƙarya ko ya murɗe sakamako a wurare 145. A 2014 kuma aka fitar da sakamakon bibiyar tsofaffi 783 a yankin Chianti na Italiya na tsawon shekara 9: waɗanda sinadarin ya fi yawa a jikinsu ba su fi sauran tsawon rai ba, ba su fi su tsira daga ciwon zuciya ko daji ba. Abin da kamfani mai ɗakunan bincike ya zuba wa miliyoyin daloli ya kasa mayar da shi magani, shi ne yau ake miƙa wa matar manomi a ƙauyen Ringim, a ce mata ya gama da tsufa.

Hujjar mai talla kullum ɗaya ce: "Yaya, ai ba magani ba ne, 'ya'yan itace ne zalla." To, a duba adadi. Kofi guda na dafaffiyar gyaɗa ba ya ɗauke da fiye da miligiram 1 da 'yan kai na wannan sinadari. Ƙwaya ɗaya ta kanti kan ɗauki miligiram 250 ko 500, wasu har 1,000. Sai mutum ya cinye kofuna ɗaruruwa kafin ya kamo abin da ke cikin ƙwaya guda. Saboda haka kowa ya ci gyaɗarsa da ƙuli-ƙulinsa hankali kwance, ba su ake magana ba. Yawancin na kwalba ma ba daga inabi ake tatso shi ba, daga saiwar wani tsiro ne na China da Japan. Wasu kamfanonin kuma sukan haɗa da abin da aka tace daga jar giya, suna rubutawa a jiki da Turanci. Wannan ma wata magana ce da ta shafi Musulmi, amma ba ita ta kawo ni ba.

Abin da ya haɗa shi da tazarar haihuwa yana cikin hanta. Ƙwayar da ake sha kullum da ashanar da ake sawa a hannu suna aiki ne da sinadaran da ke hana ƙwan mace fita, kuma sai adadinsu a jini ya tsaya a wani mataki kafin kariyar ta tabbata. Hanta ce ke sarrafa su ta fitar da su, ta hanyar wasu sinadaranta masu narkarwa, babba a cikinsu ana kiran sa CYP3A4. A ɗauke shi a matsayin injin niƙa na unguwa. Akwai magungunan da ke ƙara masa gudu, sai ya niƙe maganin tazarar tun bai gama aiki ba, mace ta ɗauki ciki tana ganin a kare take. Akwai kuma masu rage masa gudu, sai maganin ya daɗe a jini fiye da yadda aka tsara.

A 2010 masu bincike a Jami'ar Arizona ta Amurka sun bai wa mutum 42 masu lafiya giram 1 na resberatirol kullum har mako 4, suka ga ya rage gudun CYP3A4 da wasu 'yan uwansa biyu. Wato yana cikin kashi na biyu. Don haka duk wanda ya ce wa mace kai tsaye "wannan ƙwaya tana karya maganin tazara" ya faɗi abin da bincike bai nuna ba. Ba ya cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna rage ƙarfin maganin. In ma akwai abin da ake jiye masa, to akasin haka ne: sinadarin jikin mata mai suna estrojin, wanda ke cikin ƙwayar tazara, ya taru, a samu ƙarin tashin zuciya, ciwon kai ko ciwon nono. Wannan hasashe ne daga yadda hanta ke aiki. Sai dai estrojin ba abin wasa ba ne, shi ne dalilin da ya sa ake hana ƙwayar tazara mai sinadari biyu, wato mai estrojin a ciki, ga mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya.

Akwai kuma wani ɓangaren. Tun 1997 aka gano cewa resberatirol yana iya maƙalewa a gurbin da estrojin ke maƙalewa a jikin ɗan Adam, duk da ƙarfinsa bai kai ko kusa da na estrojin ɗin ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna a wani wurin yana kwaikwayon estrojin, a wani wurin yana tare masa hanya. A Brazil an gwada haɗa shi da ƙwayar tazara da gangan: a 2017 an fitar da sakamakon gwaji a kan mata 44 masu cutar nan da ke sa naman cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, mai jawo matsanancin ciwon mara. Dukkansu suna shan ƙwayar tazara, aka ƙara wa rabinsu miligiram 40 na resberatirol. Bai rage musu ciwo fiye da sauran ba. Kuma ciwo aka auna, ba ɗaukar ciki ba, a adadin da bai kai ɗaya bisa goma na ƙwayar miligiram 500 ba. Mai talla ba zai iya jingina da wannan ba.

Turawan da suka ƙirƙiro kasuwar ma ba su sake ta haka nan ba. A 2016 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta amince da miligiram 150 a rana ga baligi, aka kuma wajabta rubutawa a jikin kwalba cewa mai shan wani magani kada ya sha sai da kulawar likita. A can ke nan, inda kusan kowa ke iya karanta kwalbar.

Hanyar da na fi jin tsoro ba ta da wani zurfin ilimi. Gudawa ce da amai. Resberatirol mai yawa yana ɓata ciki, an gani a gwaje-gwaje, musamman daga giram 2.5 zuwa sama. Kuma da wuya mace ta tsaya a kwalba ɗaya. Mai sayar da ƙwayar inabi ita ce mai sayar da shayin rage tumbi da na wankin ciki, waɗanda da yawansu akwai dangin filasko a ciki, aikinsu ke nan su sa zawo. Macen da ta yi amai cikin awa 2 da shan ƙwayar tazara, ƙa'ida ita ce ta sake shan wata. In gudawa mai tsanani ta wuce kwana ɗaya, sai ta ɗauka kamar ta tsallake sha. Ƙwayar masu shayarwa, mai sinadari ɗaya, ta fi tsauri: jinkirin awa 3 ya isa ya raunana ta. Allura da ashana da robar mahaifa ba sa bi ta ciki, don haka gudawa ba ta shafe su. Mace nawa aka zaunar aka yi wa wannan bayani?

Ga abin da ya fi ba ni takaici. Magungunan da aka tabbatar suna karya maganin tazara suna nan a gidajenmu, amma ba a maganarsu. Rifamfisin na cikin maganin tarin fuka da ake sha wata 6, yana raunana ƙwaya da ashana, har kwana 28 bayan an daina. Haka magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin, fenitoyin da fenobabiton. Haka efabirenz na masu cutar HIV: a wani bincike da aka yi a Uganda, wanda ya fito a 2016, mata 3 cikin 20 masu ashana a hannu kuma masu shan sa sun ɗauki ciki cikin ƙasa da shekara. An yi sa'a yawancin masu karɓar magani a Nijeriya an mayar da su kan dolutegirabiya, wanda ba ya wannan ɓarnar. Akwai ma wani ganyen Turawa, St John's wort, da ake sayarwa don kwantar da hankali, shi ma yana karya shi, kuma shi ma "ganye ne zalla". Ga duk waɗannan akwai mafita: allurar Depo-Provera ta wata 3 da robar mahaifa suna aiki duk da su. Amma mafita ba ta zuwa sai an san abin da mace ke sha.

Shi ya sa nake ganin gyaran farko a bakin malamar asibiti yake, kuma ba ya cin ko sisi. A daina cewa "kina shan wani magani?" A ce: "Hajiya, akwai tsumi, ko gari, ko shayi, ko wata ƙwayar gyara da kike sha? Maigida ko wani a gidan yana kan maganin tari? Ke fa?" A ce ta zo da kwalbar a gani. Kuma in ta kawo kada a yi mata tsawa a gaban layi, domin macen da aka kunyata sau ɗaya ba ta ƙara faɗin gaskiya. Na san ma'aikaciya ɗaya ce ke yin awo, rigakafi, karɓar haihuwa da rubuta kati a yawancin asibitocinmu. Duk da haka tambayar ba ta kai minti ɗaya ba.

Wani zai ce ina ruwanmu da duk wannan, mata nawa ne ma ke yin tazarar a karkara? Ƙarancin nasu shi ne dalilin. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matan aure 12 cikin 100 ne ke amfani da hanyoyin zamani a Nijeriya, na 2023 zuwa 2024 ya kai 15. Kano da Jigawa a 2018 ba su kai 10 ba, kuma matsakaicin haihuwar mace a Jigawa ya ɗan haura 7. Yawancin waɗanda suka yarda ba ƙin haihuwa suke yi ba. Gudun kwanika suke, suna so yaro ya sha nono shekara biyu, jiki ya dawo. Wata sai da aka yi mata tiyata likita ya ce ta huta. Wanda ya taɓa leƙa ɓangaren masu yoyon fitsari a asibitin Jahun ya san abin da ake gudu. Da kyar irin wannan mace ta shawo kan miji da uwar miji.

To idan jini ya ɓalle mata, ko ciki ya shiga, wa ake zargi? Ashana. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Labari zai zaga daga rijiya zuwa gidan suna cewa wance ta sa abin Turawa ya lalata ta, mata goma su fasa. Ba wanda zai ambaci kwalabe ukun da ke bayan madubi. A yi adalci: ashana da allura da kansu suna kawo ɗigon jini da rikicewar al'ada, musamman watannin farko, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mace mai lissafin salla da azumi da haƙƙin miji. Ban wanke su ba. Amma an san resberatirol yana rage ƙarfin ƙwayoyin halittar cikin jini da ke sa jini ya tsaya, shi ya sa ake gargaɗin masu shan magungunan tsinka jini irin su wafarin da asfirin a kansa. Ga kuma maganin ciwon jiki da ake sha bayan an wuni ana surfe ko roron gyaɗa. Idan abu huɗu suka haɗu a jiki ɗaya, ko likita ba zai iya nuna mai laifi ba, balle maƙwabta.

Kada kuma a manta yawancin matan nan goyo ne a bayansu. Ba a tabbatar da lafiyar wannan sinadari ga mai ciki ko mai shayarwa ba, shawarar likitoci ita ce su bar shi. A wani gwaji na 2014 a jihar Oregon ta Amurka, birai masu ciki da aka bai wa shi an ga sauyi a gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin daidaita sukari a jini, a jikin 'ya'yan da ke cikinsu, har masu binciken suka ce kada masu ciki su sha.

Sai maganar "ai akwai lambar NAFDAC". Lambar tana da amfani, kuma wadda babu ita kwata-kwata kada ma a taɓa. Amma a kayan ganye da ire-irensu, hukumar takan sa su a jerinta ne bayan ta duba ko suna da guba, ba wai ta tabbatar suna warkar da abin da aka ce ba. Shi ya sa a jikin da yawansu akwai layin da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, a ƙasan kwalba. Tallan kuwa da Hausa ake yin sa, da ƙarfi, da rantsuwa. Ni a ganina duk harshen da aka yi talla da shi, da shi ya kamata a yi gargaɗi. Duk kwalbar da za a sayar a Kano da Jigawa ta zo da gargaɗin Hausa, da boko da ajami, mai cewa mai ciki, mai shayarwa da mai shan wani magani su tambayi asibiti. Doka ta riga ta ce tallan irin waɗannan kaya sai da izinin NAFDAC. Gidan rediyon da zai karɓi kuɗin talla ya nemi ganin izinin, ya kuma karanta gargaɗin a ƙarshe da muryar da aka karanta alƙawarin.

Ba na ɗaukar mai talla a matsayin muguwa. Sau da yawa ƙanwarmu ce, ta zuba kuɗin adashinta, an koya mata abin faɗa a taron otal, ita ma tana sha. Amma da zarar ta ce wa mace "sha, ba ya hana komai", ta ɗauki nauyin da ba ta da ilimin ɗauka. Maza ma da hannunsu a ciki. Tun 2011 manufar gwamnatin tarayya ita ce a ba da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta, amma akwai maigidan da zai ƙi ba da kuɗin babur zuwa asibiti, ya kuma biya dubbai a kan kwalbar gyaran jiki ba tare da ya tambayi abin da ke ciki ba.

Wadda ta riga ta fara haɗa biyun kada ta firgita, kada kuma ta yar da ƙwayar tazara ko ta je a cire mata ashana saboda wannan rubutu. Kwalbar inabin za ta ajiye, daina ta farat ɗaya ba ya cutarwa. Ranar da za ta koma asibiti ta tafi da ita a jaka. In tana shan ƙwaya mai sinadari biyu kuma ta ji ciwo da kumburi a sha-raɓa ɗaya, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ko ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya da dishi-dishin gani, wannan ba na kemis ba ne kuma ba ya jiran ranar kasuwa. A nemi mota zuwa babban asibiti mafi kusa, ko Haɗejiya ne, ko Gumel, ko Birnin Kudu, ko Wudil, a ranar.